Shinkafar da ke jure ambaliya da cututtukan da ke biyo bayan ruwa



Tun bayan ambaliyar 2012 da ta 2022, duk inda manoman fadama suka haɗu za ka ji ana tambayar irin shinkafar da ruwa ba ya kashewa. Irin nan gaskiya ne. Asalinsa wata tsohuwar shinkafa ce ta jihar Odisha a Indiya mai suna FR13A, wadda masana suka gano a jikinta wata ƙwayar gado da suka kira SUB1. A 2009 Indiya ta fitar da Swarna-Sub1, a 2017 kuma Nijeriya ta fitar da FARO 66 da FARO 67 ta hannun cibiyar AfricaRice da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi. Idan ruwa ya shanye shinkafa, sai ta yi ta miƙewa tana neman iska har abincin jikinta ya ƙare ta mutu. Mai SUB1 kuwa lafewa take yi, ta adana ƙarfinta, ta kai kusan mako biyu a nutse. Abin da nake son kafawa a yau shi ne, wannan baiwa ta tsaya ga nutsewa kaɗai, kuma aikin manomi na gaske yana farawa ne ranar da ruwa ya janye.

Ku dubi gonar da ta fito daga ruwa. Ganye ya sha laka, ya yayyage, tsiron ya galabaita. Ƙwayar cutar da ke ƙone ganye daga baki zuwa ciki ta cikin ruwa take tafiya, ta raunin ganye take shiga, don haka ambaliya ta kawo ta kuma ta buɗe mata ƙofa. Akwai wata ƙaramar tsutsa da ke yanke ganye ta naɗe kanta a ciki, ta yi ta yawo a kan ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. Manomi kuwa, ganin shinkafarsa ta yi rawaya, sai ya zuba yuriya da yawa don ta farfaɗo, alhali yawan yuriya na sa ganye ya yi laushi, abin da cutar nan mai sa tabo a ganye da karya wuyan zangarniya ke so ke nan. Ga kuma jinkiri: gonar da ta kwanta a ruwa takan makara, ta rage ita kaɗai kore bayan maƙwabta sun yanke. Nan tsutsar kara za ta taru, ka ga zangarniya fara fat a tsaye babu ƙwaya, tsuntsayen jan-baki kuma su ƙarasa saura.

Kowane yanayi da nasa abokan gaba. A Asiya babban bala'in shi ne wani ƙaramin ƙwaro mai tsotse ruwan kara. A Afirka muna da ƙudan da ke mayar da tohon shinkafa bututu kamar ganyen albasa, wanda ya yi mummunar ɓarna a yankin Abakaliki a 1988, kuma yana ƙaruwa ne a damina mai yawan laima. Muna da cutar rawayar ganye da aka fara gani a Kenya a 1966, wadda Afirka kaɗai take, saboda haka gwajin da aka yi a Indiya ba zai gaya mana komai a kanta ba. Ko a cikin Nijeriya, Badeggi ba kamar yankinmu na Gwarzo da Kabo ba ce. Daminarmu gajeriya ce, ruwan kan zo da ƙarfi a Agusta, sannan noman rani a kewayen madatsun Guzuguzu da Chalawa yana sa a sami ɗanyen tsiro kusan duk shekara, ƙwaron da rani ya saba kashewa ya sami mafaka.

Wani zai ce ai maganin feshi ya cika kasuwa. Indonesiya ta bi wannan hanya, feshin ya kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwarin, ƙwaron da ake yaƙa ya ninka, har a 1986 gwamnatin Suharto ta hana amfani da magunguna 57 a gonakin shinkafa. Ƙari a kan haka, maganin ƙwari ba ya warkar da cutar ganye, kuma tsutsar da ta riga ta shige kara feshi bai cika kai mata ba. Wani kuma zai ce to a zauna a kan irin Sipi da Jamila da aka sani. Mai gonar da ruwa ba ya kwanciya a ciki yana da hujja, domin SUB1 ba ta ƙara masa komai. Amma mai ƙasan kwari da ke rasa komai duk shekarar da kogi ya cika, gara masa gonar da ke bukatar jinya da wadda ta mutu.

Abin yi ba shi da tsada. Unguwa ta yi dashe lokaci guda. A raba taki kashi-kashi, a dakata har sabon ganye ya fito bayan ruwa ya janye. A tumɓuke tushiya da shinkafar daji a bakin magudanai, a cire tsiron da ya kamu, a riƙa zaga gona duk mako kafin a sayi magani. Ina kuma kira ga hukumar KNARDA da masanan Jami'ar Bayero da na Samaru su kafa gonakin gwaji a fadamunmu, damina da rani, su rubuta cutar da ta bayyana da lokacinta, domin shawarar da za a ba manomin Gwarzo ta fito daga ƙasar Gwarzo.