Da Tsohuwar Zuma Ake Magani



Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta fara bin sahu a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Amma har yau akwai ɗalibanmu a ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi da ba su taɓa ɗora yatsa kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Yaro ya san amsa, na'ura ta kayar da shi.

Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfin albashin malami, ta fi ƙarfin manomin da ke jiran kuɗin masara ko auduga. Mafita ita ce gyararriyar kwamfuta, wadda wani kamfani ya gama aiki da ita, aka goge bayanansa, aka sauya abin da ya gaji, aka gwada ta. Kuɗin sabuwa ɗaya kan iya sayen irinta fiye da ɗaya, masu gyara na garuruwanmu kuma su sami abin yi.

Ƙasa ma tana amfana. Mafi yawan gurɓatar iskar da kwamfutar hannu ke haddasawa, wajen ƙera ta ake yin ta, saboda haka tsawaita ranta ragi ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, wadda aka sarrafa bisa ƙa'ida kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Sai dai araha ba ta ado. Cikin kayan gwanjon da ke shigowa ta Legas akwai matattu, kuma dalmar da ke cikinsu guba ce ga ƙasar noma da rijiyoyinmu. Don haka kafin mu biya, mu kunna, mu gwada batir, mu karɓi takardar garanti. Mu kuma tambaya ko na'urar tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025.

Shawararmu ita ce reshe ya tattara masu buƙata, a saya a dunƙule ta asusun haɗin gwiwa, a tafi da masani, a riƙa biya wata-wata. Wadda ta mutu a mayar wa masu gyara, kada a ƙona ta a juji.

Allah Ya yi mana jagora.