Tsallen Igiya da Lafiyar Ƙirjin Yaranmu

 

Maganar igiya ce ta tara mu, irin wadda ake tufkawa da rama ko kaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 kullum, motsin da zai sa shi haki. Binciken da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na matasa 'yan makaranta a duniya ba sa cika wannan, kuma 'yan mata ne suka fi zama a baya. Wannan kam mun sani a gida. Namiji yana da ƙwallo da langa, mace kuwa da ta ɗan tasa sai talla da wanke-wanke.

Zuciya tsoka ce, aiki ke ƙarfafa ta. In yarinya ta saba da tsallen igiya, bugu ɗaya na zuciyarta zai riƙa tura jini fiye da da, naman da ke jawo numfashi ya ƙara ƙwari, jiki ya iya cin moriyar iskar da ta shaƙa. Ku gwada da kanku: ku ɗora yatsa biyu a wuyan hannunta, ku ji bugun kafin tsalle da bayansa. Bayan makonni tana yi za ku ga hakin yana saurin lafawa.

Mu a Haɗejiya, da 'yan'uwanmu na Auyo da Guri da Kirikasamma, mun ga ambaliyar 2022. Ruwa kan cinye filin ƙwallo, igiya kuwa tsakar gida ta ishe ta.

Sai dai a yi da lura. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, don haka a yi da safe ko bayan la'asar, ruwan sha a kusa. Mai fuka ya kauce wa ƙurar hunturu. Mai amosanin jini sai da izinin likita. Yaron da ke wanka a fadama, in yana saurin gajiya, a tambaye shi ko yana ganin jini a fitsari. Jini a fitsari na iya zama alamar tsargiya, wadda ke rage jini, a kai shi asibiti tukuna.

Malaman makaranta, a fara da minti biyu-biyu lokacin tara, ana hutawa a tsakani.