Kifin Ado a Gida: Lafiyarsa da Lafiyar Yaranmu



Wasunmu kan saya wa yara ɗan kifin adon nan mai faffaɗar jela da ake kira beta, wanda asalinsa ƙasar Tailan ne. Sau da yawa kafin ya cika mako a gida sai ya lafe a gindin kwalba, ya ƙi cin abinci. Galibi ciwon daga ruwa yake.

Yanayin Duwala ya dace da shi, domin yana son ɗumin digiri 24 zuwa 28. Amma sinadarin kulorin da ke ruwan famfo yana cutar da shi. A tari ruwan ya kwana guda, a rufe da ƙyalle saboda sauro, sannan a zuba masa. Idan jelarsa ta fara zaizayewa, ruwan ya ƙazantu: a riƙa sauya rubu'insa kowane mako, a rage masa abinci. Kada a haɗa maza biyu a kwalba ɗaya, faɗa za su yi.

Ruwan da ya kwantar da kifi yana iya kwantar da yaro, domin yakan ɗauki ƙwayoyin cutar gudawa. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu. Kada a wanke kwalbar inda ake wanke kwanoni, kuma mai rauni a hannu kada ya tsoma shi ciki. Ƙurjin da ya ƙi warkewa a kai shi Asibitin Gundumar New Bell, a shaida wa likita cewa akwai kifi a gida.

Allah ya ƙara mana lafiya.