Naƙasassunmu Da Shari'a: Inda Ake Samun Lauya Kyauta



Maganar da na zo da ita yau ta shafi shari'a, wato yadda ɗan'uwanmu naƙasasshe mazaunin Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, zai sami lauyan da zai tsaya masa ba tare da ya biya ko kwabo ba. Masu iya magana sun ce baƙo makahon gari ne. To, in mai lafiya yana ɗimaucewa a ofishin 'yan sanda saboda ba ya jin Turanci ko Yarbanci, yaya ke nan ga kurman da aka miƙa wa takarda aka ce ya dangwala, ko gurgun da mota ta buge direba ya gudu, ko makahon da mai gidan haya ya watsar wa kaya a titi? Galibinmu mukan yi shiru, muna zaton kotu ta masu kuɗi ce. Wannan shirun shi ne ke ƙara wa azzalumi ƙarfin gwiwa.

Bari mu fara da doka. A watan Janairu na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ce duk wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa za a ci shi tarar Naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. In kamfani ne, tararsa Naira 1,000,000. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, a kuma fara sauraronsu in ana layi. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin nan ya cika a watan Janairu na 2024, amma har yanzu akwai ofisoshi da yawa da sai an ɗauki gurgu kamar kaya kafin ya kai ga teburin akawu. Doka ba ta tafiya da ƙafarta, sai an sami mai kai ƙara.

To, ina za a kai kuka? Ƙofa ta farko ita ce hukumar ba da lauyoyi kyauta ta Gwamnatin Tarayya, wadda ake kira Legal Aid Council. An kafa ta a 1976, aka sabunta dokarta a 2011, kuma tana da ofis a kowace jiha. Aikinta shi ne ta kare talakan da abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato Naira 70,000 a wata tun daga 2024. Tana tsaya wa wanda ake tuhuma da laifi, tana ba da shawara, tana kuma shiga maganar haɗari da ta tauye haƙƙin ɗan'adam.

Ƙofa ta biyu ta mazauna Jihar Ikko ce. Tun shekarar 2000 jihar ta buɗe ofishin lauyoyin kare marasa ƙarfi, wanda aka fi sani da OPD. A 2011 kuma ta yi dokarta ta naƙasassu, wadda ta haifar da ofishin LASODA mai kula da al'amuransu. Mazaunin Okobaba ko Agege ko Idi-Araba yana da ikon shiga waɗannan ofisoshi, gama sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya ga dama a ƙasar nan. Ƙofa ta uku ita ce Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, ita ma ba ta karɓar kuɗi a kan koke.

Akwai abubuwa uku da nake so kowa ya haddace saboda ranar kamu. Na ɗaya, sashe na 35 na tsarin mulki ya yarje wa wanda aka kama ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Saboda haka kada wanda ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Na biyu, in akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, wajibi ne a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya. Na uku, sashe na 36 ya ce a ba wanda ake tuhuma tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu, don haka lauyan kurma sai ya nemi a kawo mai maganar hannu. Belin 'yan sanda kuwa kyauta ne.

Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci sai an faɗe ta. Ita wannan doka ta 2019 ta haramta sa naƙasasshe bara, ko yawo da shi ana neman sadaka, kuma hukuncin mai yi tarar Naira 100,000 ne ko ɗaurin wata 6. Jihar Ikko ma ta hana bara a tituna. Masu ɗauko yara da tsofaffi daga gida su zube su a gindin gada, su yi hattara. Amma fa ko wanda aka kama yana bara bai rasa haƙƙinsa na ganin lauya da tafinta ba.

Daga ƙarshe, ga roƙona ga shugabanni. Kowane zango da kowace Sabo a zaɓi samari biyu masu karatun boko waɗanda za su san inda ofisoshin nan suke, su riƙa yi wa naƙasassu rakiya. A adana rasit, da takardar haya, da ta asibiti, a rubuta ranar da abu ya faru da sunayen shaidu. A je da wuri, tun magana ba ta yi tsami ba, a kuma guji dillalan bakin kotu masu cewa a kawo na goro. Lauyoyin gwamnati kaɗan ne, ƙararraki kuwa sun yi musu yawa, saboda haka wanda ya kai kuka sai ya riƙa komawa yana tuni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.