Jawabin magatakarda kan kuɗin fiton kayan kyamara

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, 'yan uwa na Maraɗi da na Katsina, barkanmu da zagayowar wannan rana.

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan tsaya a kan ƙorafin da ya yi ta zuwa teburina bana, wato kyamara da kayanta.

Da yawanmu mun ɗauka tsarin sassauta kasuwanci na ECOWAS yana rufe kowane kaya. A'a. An yi shi ne don kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin. Kyamarar Canon ko Sony daga Asiya take zuwa, ko da a Kano ka saye ta, kayan waje ce a idon kwastan da duwan. Balle ma Nijar ta fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025.

Kuɗin fito kuma ba a kan farashin saye kaɗai ake lissafa shi ba. Ana haɗa kuɗin dako da inshora, sannan a ɗora harajin VAT, kashi 7.5 a Najeriya, kashi 19 a Nijar. Kyamara, gilashinta da ƙafar da ake ɗora ta, kowanne da lambarsa a littafin fito. Idan rasit ɗinka bai rarrabe su ba, jami'i ne zai yi maka ƙiyasi, kuma ƙiyasinsa ba ya yi wa ɗan kasuwa daɗi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai ɗaukar biki. Wani ɗan uwanmu ya tsallaka da kyamarori biyu don ɗaukar ɗaurin aure, kayan aikinsa ne, ba na sayarwa ba. A dawowa aka tare shi a wani shinge, aka ce sabbi ne ya shigo da su, saboda ya bar su cikin kwalinsu. Ba rasit, ba shaidar ya fita da su. Kwana huɗu muna zirga-zirga, shi kuma wani bikin ya wuce shi, har ya mayar da kafin alƙalami.

Don Allah, kafin ka tsallaka, ka bayyana kayan aikinka a ofishin iyaka, a rubuta lambar jikin kowanne, a buga hatimi. A ɗaya ɓangaren ka nemi takardar shigar wucin gadi. Kwalin kuwa, bar shi a gida.

Jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi maganarsa daban ce. A Najeriya sai da izinin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma ƙungiya ba za ta iya belin wanda ya ɗauko shi haka kawai ba.

Mun buɗe rajista a ofis. Mai kyamara ya kawo ta da rasit ɗinta mu rubuta lambar, mu ajiye kwafi.