Tsohon Magani Da Sabo: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Ƙasar Gwandu

 

Akwai wani ciwon taɓin hankali wanda likitoci ke kira sikizofireniya. Mai shi ya kan ji muryoyi alhali ba kowa kusa, ya riƙa zargin dangi da ƙulla masa sharri, ya bar gona, ya bar wanka. In an kai shi asibiti, galibi ya kan samu sauƙi. Wahalar ita ce dawowar ciwon. Sai a sallamo mutum ya komo Kalgo ko Gwandu lafiya lau, kafin shekara ta zagayo a sake ɗaukarsa zuwa asibitin Kware a Jihar Sakkwato. Shi ya sa jama'a ke tambaya, shin tsohon magani ne ba shi da ƙarfi, sai an sayi sabo mai tsada?

Magungunan nan iri biyu ne. Cikin tsofaffi akwai Largactil, wanda aka fara ba masu ciwon a Faransa a 1952, da haloperidol, wanda aka haɗa a Beljiyam a 1958. Suna da araha, amma su kan sa jiki ya sandare, hannu ya yi karkarwa. Cikin sababbi akwai risperidone da olanzapine, waɗanda suka fito tsakanin 1993 da 1996. Ba su cika sandarar da jiki ba, amma su kan kawo ƙiba, musamman olanzapine, wani lokaci har da ciwon sukari. Kowanne dai da nasa aibin.

To, wanne ya fi hana ciwon dawowa? A 2013 masana sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe dabam dabam. Cikin mutum 100 masu shan sabo, ciwon ya dawo wa wajen 29. Cikin masu shan tsoho kuwa, wajen 37. Watau sabo ya ɗan fi, amma ratar ba ta da yawa.

Ga inda babbar rata ta ke. Wani lissafin da aka buga a 2012 ya gwada waɗanda suka ci gaba da shan magani da waɗanda aka tsayar wa. Cikin shekara guda, ciwon ya dawo wa 27 cikin 100 na masu sha, amma na waɗanda aka tsayar wa, 64. Ashe barin magani shi ne babban abin tsoro. Tsohon da iyali za su iya saye kowane wata ya fi sabon da za a sha wata biyu kuɗi su ƙare.

Saboda haka muna roƙon iyayenmu su isar da abu huɗu ga dagatai da masu unguwanni.

Na ɗaya, kada a bar magani don an ga sauƙi, ko don aikin damina, ko tafiya cin rani.

Na biyu, in magani ya dami mai shansa, a koma wa likita ya rage ko ya sake wani. Kada a jefar, kada kuma a sake shi da shawarar mai kemis.

Na uku, wanda ke mantuwa ko ƙin haɗiyar ƙwaya, akwai allurar da a ke yi bayan mako biyu zuwa huɗu. A tambayi likita.

Na huɗu, addu'a ba ta hana shan magani. Amma duka da sa mari ba magani ba ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, a madadin ta 1958, ta tsare haƙƙin waɗannan bayin Allah.

Malamai, in mai gida ya kawo muku katin asibiti, ku karanta masa ranar komawa, ku kuma tuna masa in ta matso.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ja zamanin Sarki. Amin.