Rancen Ruwan Famfo: Bashi Ne a Wuyanmu, Mu Sa Ido

Mai martaba Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin ƙungiya, iyaye da 'yan'uwa mazauna Sabon Ibadan, Allah Ya saka da alheri da kuka amsa kira.

Abin da ya tara mu yau shi ne ruwan sha. Mu 'yan kasuwa mun sani, wanda ya ci bashi ya sari kaya ba ya cewa ya ci riba sai kayan sun isa hannun mai saye. To, haka aikin ruwa yake.

Garin nan madatsun ruwa biyu ya dogara da su, watau Eleyele ta 1942, da Asejire a kan kogin Osun ta 1972. Jama'a kuwa sun ninka sau da yawa tun lokacin. A 2009 Bankin Raya Afirka ya amince da ba Nijeriya rance domin gyaran ruwan birane a jihohin Oyo da Taraba. Jama'a, rance ne fa, ba kyauta ba. Daga baitulmali ake biya, har da harajinmu na kasuwa.

Shi bankin yana da manufarsa a rubuce tun 2000, ya kuma sabunta ta a 2021. A cikinta an ce ruwa yana da tsada, mai sha ya biya domin aiki ya ɗore, amma kada a bar talaka a baya, kuma a shawarci masu amfani da shi. Magana ta yi kyau. Yaya aikin?

Masu binciken bankin da kansu sun duba ayyukansa na ruwa a Afirka daga 2005 zuwa 2016. Suka tarar an gina matatu da tankuna, an shimfiɗa bututu, amma ɗorewar aikin ke da rauni. Dalili a fili yake: rance yana sayen inji, amma ba ya sayen gas da alam da albashin mai gyara bayan ɗan kwangila ya tafi. In kuɗin ruwa bai shigo ba, inji ya tsaya. In ruwa bai zo ba, mutane su ƙi biya. Ga yadda abin yake zagayawa.

Don haka ma'auninmu ba tsawon bututu ba ne. Ma'auninmu shi ne: kwana nawa a mako famfon ƙofar masallaci yake kawo ruwa? Nawa mai tuwo-tuwo take sayen jarka?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna ba da shawara uku. Na farko, ƙungiya ta naɗa kwamiti ya rubuta famfunan unguwa layi-layi, mai aiki da matacce, ya kai wa hukumar ruwa a rubuce, ya kuma halarci duk taron shawara. Na biyu, masu gidaje su yi rajista su biya, su adana rasit, domin mai rasit shi ke da bakin magana. Na uku, 'yan ga-ruwa yaranmu ne. A nema musu wurin ɗiba mai tsafta da farashi sananne, tunda su ke kai ruwa inda bututu bai kai ba.

Malamai sun karantar da mu cewa shayar da ruwa yana cikin mafificiyar sadaka. Allah Ya ba mu ikon tsayawa a kai.